Ciwon da Ya Girme Ni

Ina koyar da ilimin halittu a wani lise, wato babbar makarantar sakandare, a Zinder lokacin da abin ya same ni. Shekaruna sun ɗan haura talatin, ina da mata da ƴa guda mai tatata. Muna haya a unguwar Birni, a wani lungu mai yashi wanda sai na sauka daga moto, wato babur, na tura shi kafin in kai ƙofar gida. Asalinmu mutanen Gouna ne. Mahaifina ya rasu tun ina koleji, Inna kuma tana can ƙauye tana noman gero da gyaɗa tare da ƙannena. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma zama ta yi doguwar hira da ni. In tana son gaya mini wani abu, sai ta gaya wa wanda ke kusa, ni kuma in ji.

Wata safiya ina wanka na ji ɗan maraina na hagu ya yi tauri, kamar an cusa tsakuwa a cikinsa. Ba ya zafi ko kaɗan. Na ce a raina ko gwaiwa ce ke son kama ni, na sa kaya na tafi aiki. Bayan ƴan makonni ya ƙara girma, ya yi nauyi, har ina jin yana ja na in na daɗe tsaye a gaban allo. Da na gaya wa matata, ba ta tsaya jan zance ba.

"Malam, kai da ke koya wa ƴaƴan mutane yadda jiki yake, ka je a duba naka mana."

"Ai ba ya ciwo," na ce.

"Shi ya sa nake tsoro. Abin da ke girma ba ya ciwo, ban yarda da shi ba."

Likitan da na gani a asibiti dattijo ne, likitan fiɗa, mai furfura a gemu, yana Hausa yana haɗawa da Faransanci. Ya taɓa wurin, ya tura ni a yi mini eko, wato hoton da ake ɗauka da na'ura a ga cikin jiki, sannan a ɗebi jinina. Ranar da na koma, ya duba sakamakon ya ɗago kai ya dube ni, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu daga Faransanci.

"Mushe, da ban ga fuskarka ba, da na ce mai wannan jinin tana da juna biyu."

Na yi dariya don na ɗauka wasa yake. Ya ce ba wasa ba ne. Akwai wani sinadari da mabiyiya ke zubawa a jinin mace mai ciki, shi ake nema in ana gwajin ciki, kuma ga shi ya cika jinina. Ya ce in an gan shi a jinin namiji tare da irin ƙarin da hoton ya nuna, to ciwon daji ne, kuma dole a cire ɗan marainan ba tare da ɓata lokaci ba. Ɗayan lafiyarsa lau, zai iya aikin biyu.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na tuna dai ina kallon fankar da ke juyawa a saman ofishin, ina tunanin ƴata da ba ta gama koyon magana ba.

Kafin in fita ya yi mini wata tambaya. Ya ce ko na san lokacin da aka haife ni duka biyun suna cikin jakarsu, ko ɗaya ya maƙale a sama bai sauko da wuri ba. Na ce ban sani ba. Ya ce in tambayi mahaifiyata, domin irin wannan ciwon tun daga ciki yake farawa.

Ba tambayar da ɗan fari zai yi wa uwarsa ba ce. Matata ce ta kira Inna a waya ta tambaye ta. Inna ta ce ƙwarai, na hagun bai sauko ba sai wajen lokacin yaye, kuma wanzamin garin ya ce a bar shi zai sauko da kansa. Sai ta tambayi dalilin tambayar. Matata ta faɗa mata yadda likita ya faɗa, cewa ciwon tun daga ciki ya fara. Inna ta ce Allah ya sawwaƙe, ta kashe waya. A lokacin ba wanda ya lura da abin da wannan maganar ta yi mata.

An yi aikin lafiya. Ta mara aka yanka, ba ta ƙasa ba, kuma ban daɗe a kwance ba na fara takawa. Aka aika abin da aka cire Yamai don a duba shi a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Da aka ɗauki hoton cikina da sikana, sai aka ga ciwon ya riga ya kai ga wasu ƴan kaluluwa can ciki kusa da ƙashin baya. Dattijon ya ce aikinsa ya ƙare a nan, saura shimiyo, maganin da ake ƙarawa ta jijiya, kuma sai na je Yamai. Inna ta zo daga Gouna ta zauna da ƴarmu a Birni, ni da matata muka hau kar, babbar motar fasinja.

Likitar da ta karɓe ni a can mace ce, ba ta girme ni da yawa ba. Da ta ji abin da nake koyarwa, sai ta ture takardun gefe ta ce, "To kai ba sai na ɓoye maka kome ba. Kana son ka ji yadda abin ya faru?" Na ce ina so. Abin da ta gaya mini ranar, da abin da na ƙara karantawa a kwanakin da na yi a kwance ana ƙara mini ruwa, shi ne zan faɗa a nan yadda na gane shi.

Tun ɗan tayi bai kai ƙwayar wake ba, tun ba a san namiji ne ko mace ba, akwai wasu ƴan ƙwayoyin halitta da ake warewa gefe. Su ne iri. Daga cikinsu maniyyi zai fito in yaro ya balaga. Ba a wurin maraina ake yin su ba. Daga wani gefe suke tasowa, su bi ta bayan hanji har su iso inda maraina za su tsiro. Wani sinadari ne ke kiran su, su kuma suna jin kiran da wani ɗan abu kamar kunne da ke jikinsu, wanda masana ke ce wa KIT. A kan hanya suna goge alamomin da ke maƙale a kan ADN ɗinsu, wato igiyar da ke ɗauke da gadon halitta, alamomin da ke gaya wa ƙwaya ke fata ce, ke ƙashi ce, ke jini ce. Don haka suke isowa a wanke, suna iya zama kome. In sun iso, ƙwayoyin da ke wurin su karɓe su, su raine su, su sa su kashe wasu ƙwayoyin gado na ƙuruciya, irin su OCT4, waɗanda ke ba su ikon zama kome. Daga nan sai su zama irin maniyyi kawai, su kwanta su jira balaga.

A jikina wasu kaɗan ba su kashe nasu ba. Likitar ta ce mai yiwuwa masaukin ne bai gama gyaruwa ba lokacin da suka iso, kuma rashin saukar ɗan marainan alama ce ta wannan rashin gyaruwar. Sai suka tsaya a matsayin ƴan tayi, kunnen nan nasu a buɗe, kuromozom ɗinsu kuma, wato ƙunshin da ADN ke naɗe a ciki, ya ninku ya fi na kowace ƙwaya ta ƙwarai yawa. Suka yi barci duk tsawon ƙuruciyata. Ina kiwon awaki a Gouna suna nan, ina zuwa lakwal, makarantar boko, da ƙafa suna nan. Da na balaga, sinadaran maza suka tashi, su ma suka farka suka fara rabuwa. Kowace rabuwa da nata kuskuren, wani kuromozom ya ɓace, wani ya ƙaru. Babban kuskuren ya faru a kuromozom na sha biyu. Kowane kuromozom yana da gajeren hannu da dogon hannu. Wannan sai ya yar da dogon, ya maye gurbinsa da kwafin gajeren, ya zama gajere sama gajere ƙasa. A kan gajeren hannun nan akwai ƙwayoyin gado masu tura ƙwaya ta yi ta rabuwa, masu hana ta tsufa. Da suka yi yawa, sai ƙwayoyin suka fasa bangon ƴan bututun da suke ciki suka zama ƙari. Kuma da yake har lokacin suna iya zama kome, wasu suka koma kamar mabiyiya, su ne suka zuba sinadarin masu ciki a jinina. A wani gefen ƙarin, labo ya ga har da guringuntsi.

Na zauna ina jin ta, tsoro da mamaki suna kokawa a zuciyata. Shekara da shekaru ina zana kuromozom a allo da alli, ban taɓa tunanin ɗayansu zai tura ni Yamai ba.

"Yanzu ga labari mai daɗi," in ji ta. "Ka san p53?"

"Mai gadin ƙwaya," na ce. "Wanda ke sa ta kashe kanta in ADN ɗinta ya lalace."

"A yawancin ciwon daji, shi ake fara kashewa, shi ya sa magani ke wahala. A irin naka kuwa yawanci yana nan da ransa. Ƙwayar iri ba ta wasa da ɓarna, gara ta mutu da ta miƙa wa zuriya abin da ya lalace. Maganin da za mu ba ka, sisplatin, yana ɗaure igiyoyin ADN da juna. Waɗannan ƙwayoyin ba su iya kwance ƙullin ba, mai gadin kuma zai gani ya ce su mutu. Irin wannan ciwon yana cikin waɗanda muka fi warkarwa, ko da ya bazu. Za ka sha wuya, amma ina sa ran ka warke."

Na sha wuyar kuwa. Maganin yana shiga jijiya da sanyi, bayan ɗan lokaci sai tashin zuciya. Ƙamshin miyar da nake so ya koma mini wari. Gashin kaina ya zube a kan matashi, har gira. Kunnena ya riƙa ƙara kamar gyare ya shiga ciki. Matata tana zaune a gefen gado tana yi mini fifita, tana ba ni kunu cokali cokali, in na ƙi ta ajiye ta jira ta sake miƙowa. Amma duk sanda aka ɗebi jinina, sinadarin nan ya ragu. Likitar takan nuna mini ta ce, "Ka gani, suna mutuwa." Wannan maganar ce ta riƙe ni a ranakun da ko tashi zaune ba na iyawa.

Ana ba da maganin zagaye zagaye, da hutu a tsakani. A wani hutu na matsa sai mun je gida na ga ƴata. Muka iso Birni da hantsi. Yarinyar ta ga kaina ba gashi ta ɓuya bayan zanen kakarta, sannan ta leƙo ta gane ni. Amma ni Inna nake kallo. Ta rame fiye da ni. Wuyanta ya yi tsawo, idanunta sun faɗa. Maƙwabciyarmu ta ja matata gefe ta ce tun tafiyarmu tsohuwar ba ta cin abin kirki, sai ta dafa ta ba yarinya ita ta kurɓi ruwa.

Washegari da safe ina zaune a inuwar tsakar gida, Inna tana kan tabarmarta tana tsince wake. Ba ta dube ni ba, ta yi magana da matata da ke wanke-wanke.

"Ki ce masa ya yafe mini."

Matata ta tsaya. "Inna, me kika yi masa?"

"Shekarar da nake da cikinsa damina ba ta yi ba. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Anza muka ci, mu jiƙa ta kwana da kwanaki ɗacin ya fita, wani lokacin ma ba ma jira ya gama fita. Ga daka, ga ɗaukar ruwa daga nesa. Likita ya ce tun daga ciki ne. To cikin wa? Ni na ba shi."

Anza ƴaƴan wani itacen daji ne masu ɗaci da mutanenmu ke ci in yunwa ta matsa. Na sha jin labarin shekarar, amma ban taɓa ji daga bakinta ba.

Na tashi na je na zauna a bakin tabarmarta, abin da ban yi ba tun ina yaro. Ta ɗan ja jiki. Na rasa ta inda zan fara, domin duk abin da na sani da Faransanci na san shi, Inna kuwa ko gaisuwa ba ta yi da shi.

"Inna, kin san gyauro," na ce. "An shuka gyaɗa, an tone, an kwashe. Amma ƙwaya ɗaya ta saura a ƙasa ba wanda ya gan ta. Ta kwana rani, sai da ruwa ya sauka ta tsiro a inda ba a shuka ta ba. Laifin mai gona ne?"

Ta ci gaba da juya wake a faifai.

"Haka abin yake. Tun ban kai ƙwayar waken nan da ke hannunki ba, tun kafin ki tabbatar kina da ciki, wasu ƴan iri a jikina suka tsaya ba su nuna ba. Su kansu likitocin ba su gama sanin dalili ba. Sun ce akwai abin da mutum ke gadowa ta uwa da ta uba, akwai kuma abin da ke faruwa haka kawai cikin ikon Allah. Ba wanda ya ce abinci ne."

"To anzar fa?" Har lokacin waken take kallo.

"Gouna gaba ɗaya ta ci anza a shekarar. Sa'o'ina duk suna nan garau suna noma. Kuma likitar ta ce ciwon nan ya fi yawa a ƙasashen Turawa, inda ba su taɓa ganin anza ba, cuku da nama suke ci."

Matata ta yi dariya daga inda take. Na ga bakin Inna ya motsa kaɗan.

"Anzar nan ita ta riƙe ki, ke kuma kika riƙe ni," na ce. "Da ba ki ci ba, da babu ni balle ciwon."

Ta ajiye faifan. Sannan ta ɗago ta dube ni ido da ido, ta tambaye ni da kanta, ba ta bakin kowa ba.

"Maganin yana cinsa?"

"Yana ci, Inna. Kullum aka duba jini sai a ga ya ragu."

"To ka koma ka ƙarasa."

Da rana matata ta dama fura da nono ta kawo mata. Ta sha ta ƙara, ta ce nonon birni ruwa ne, in na warke za ta aiko mana da na gaske.

Zagayen ƙarshe ya fi duka wuya. Jinina ya yi ƙasa har aka ɗaga ranar magani, yatsuna suka riƙa yi mini kamar ana tsira allura. Amma na ƙarasa. Da aka sake gwaji, sinadarin ya ɓace daga jinina. Aka sake ɗaukar hoton ciki, kaluluwar nan sun koma yadda Allah ya yi su. Likitar ta juyo da na'urar ta nuna mini wurin da suke a da, ta ce, "Nemo su in ka iya." Na duba ban ga kome ba. Matata ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana hamdala. Ni kuwa na fito waje na tsaya a rana, na ji yunwa ta kama ni irin wadda na manta da ita. Muka tsaya wurin wani mai tsire a bakin titi na ci har sai da matata ta riƙe mini hannu.

Na ci gaba da zuwa ana duba ni, da farko a kai a kai, daga baya jefi jefi. Ba abin da ya dawo. Gashina ya fito, ya fi na da laushi. Ƙarar kunnen ce kawai ba ta tafi duka ba, na kuma saba da ita. Ƴarmu ta samu ƙane, Inna ce ta yi wa uwarsa wankan jego. Da kaka ta zo na je Gouna na kama tonon gyaɗa tare da ƙannena, suna cewa in huta ina ƙi, domin daɗin da nake ji in na sunkuya na miƙe ba tare da jiri ba ya fi gajiyar.

Da na koma aji, na daɗe ina shawarar ko in faɗa ko in yi shiru. Mutanenmu ba sa son a ambaci wannan wurin na jiki, kuma na san wasu za su riƙa kallona da wani ido. Ranar da darasi ya kai kan kurakuran rabuwar ƙwaya, na zana kuromozom na sha biyu a allo, na goge dogon hannunsa, na zana gajere a wurin. Na ce musu wannan ba daga littafi na ɗauko shi ba, a jikina aka same shi. Na ba su labarin tun daga tafiyar ƴan irin har zuwa maganin da ya kashe su. Na ce wa samarin ciwon matasa ne, duk wanda ya ji tauri a wurin, ko ba ya zafi, ya je asibiti kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. Na ce wa ƴanmatan su riƙe wannan don mazajensu da ƴaƴansu, kuma jaririn da nasa bai sauko ba a kai shi likita ya gani. Wasu sun sunkuyar da kai don kunya, amma ba wanda ya yi dariya. Har aka buga ƙararrawa suna ta tambaya.

Labarin ya zaga makarantar kafin a tashi. Ina ƙoƙarin tayar da moto a bakin ƙofa sai ga malamin lissafi, wani mutumin Zermu da muke gaisawa sama sama. Ya tsaya yana gyara hularsa, ya yi mini barka da samun lafiya, sannan ya rage murya.

"Mushe, hoton nan da aka yi maka, a wane ɓangare na asibitin ake yin sa?"

Na dube shi, ya kawar da kai.

"Tun yaushe?" na ce.

"Ya ɗan kwana biyu."

"Hau mu je. Dattijon likitan da ya yi mini aiki yana ganin mutane har la'asar."

Ya tattare rigarsa ya hau bayana, muka kama hanyar asibiti.